Waiwaye a Kan Cinikin Real Madrid na Shekarar 2003

Duk wanda ya saba zama gidan kallon ƙwallo ya san akwai wata gardama wadda ba ta ƙarewa, watau ta ƙungiyar da ta iya ciniki da wadda aka cuta. Da zarar an gama kakar wasa an shiga hutu, sai kasuwar 'yan wasa ta buɗe, wannan ta saya, waccan ta sayar, magoya baya kuwa su yi ta yanke hukunci tun ba a buga ko wasa ɗaya ba. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in ɗauko ciniki ɗaya wanda ya riga ya tsufa, ƙurarsa ta lafa, mu dube shi da idon tarihi. Na zaɓi abin da Real Madrid ta ƙasar Sifen ta yi tsakanin watan Yuni da ƙarshen Agusta na 2003, lokacin da yawancinmu ɗalibai ko dai ba a haife mu ba, ko kuwa muna goye. Malamanmu kam na tabbata wasunsu sun bi labarin a rediyo sa'ad da yake faruwa.

Kafin mu kai ga wannan shekara, ya kamata mai karatu ya san halin da ƙungiyar take ciki. A 2000 aka zaɓi Florentino Perez, wani attajiri mai kamfanin gine-gine, ya zama shugabanta, bayan ya yi wa masu zaɓe alkawarin zai ɗauko Luis Figo daga hannun babbar abokiyar gabarsu Barcelona. Ya kuwa cika alkawari. Daga nan sai ya mai da abin al'ada, kowace shekara ya kawo tauraro ɗaya wanda duniya ta sani: Zinedine Zidane daga Juventus a 2001, Ronaldo na Brazil daga Inter a 2002. Tsarin nasa mai sauƙin faɗi ne. A biya taurari kuɗi masu tsoka domin su ne ke jawo 'yan kallo da masu talla, sauran guraben kuwa a cike su da yaran da ƙungiya ta rena a makarantarta, waɗanda ba su da tsada. Har laƙabi aka yi wa tsarin da sunan Zidane da na wani yaro mai tsaron baya, Francisco Pavon.

Mai horar da su a wannan zamani shi ne Vicente del Bosque, ɗan gida, mutum mai sanyin hali wanda ya iya zama da manyan 'yan wasa ba tare da rigima ba. A hannunsa aka ci kofin zakarun Turai a 2000 da 2002, aka kuma ci gasar Sifen a 2001 da 2003. Wannan ta ƙarshen an tabbatar da ita ran 22 ga Yuni, 2003, da aka doke Athletic Bilbao da ci 3 da 1.

Kashegari aka sallame shi. Aka kuma sallami kyaftin ɗin ƙungiyar, Fernando Hierro, wanda ya yi shekara 14 yana yi mata wasa. Aka ɗauko Carlos Queiroz, mataimakin Alex Ferguson a Manchester United, aka ba shi aikin horarwa. Daga wannan ƙungiya ce kuma tauraron shekarar ya fito, watau David Beckham, a kan kuɗi wajen Yuro miliyan 35. Aka kwashe 'yan wasa aka tafi yawon wasannin sada zumunta a Sin da Japan da Hong Kong da Thailand, inda jama'a suka yi ta rububin ganin Beckham. A bayan wannan hayaniya kuwa ƙofar fita tana buɗe. Steve McManaman ya koma Ingila, aka ba da aron Fernando Morientes ga Monaco, aka ba da aron Flavio Conceicao ga Dortmund, aka sayar wa Chelsea da Geremi ɗan Kamaru. An daidaita da wani matashi mai tsaron baya daga Ajantina, Gabriel Milito, domin ya maye gurbin Hierro, amma likitocin ƙungiya suka nuna shakka game da gwiwarsa, aka fasa, ya wuce Zaragoza. Ba a kuwa sayo wani a madadinsa ba.

Saura mutum ɗaya, wanda shi ne aka fi tunawa. Claude Makelele Bafaranshe ne haifaffen Kinshasa, ya zo daga Celta Vigo a 2000. Aikinsa shi ne ya tsaya gaban 'yan baya, ya tare hanya, ya ƙwace ƙwallo, ya miƙa wa na kusa da shi. Ba ya cin ƙwallo, ba ya yanka mutum uku a jere, saboda haka ba safai ake ganin hotonsa a jarida ba. To, amma a ƙungiyar da Zidane da Figo da Raul da Ronaldo ke gaba, Roberto Carlos kuma, wanda sunansa ɗan baya ne, rabin wasa yana can gidan abokan hamayya, dole a sami wanda zai zauna gadin gida. Makelele ya ga albashinsa bai kama ƙafar na taurarin da yake yi wa wahala ba, ya nemi ƙari, aka hana, ya ƙi fita atisaye. A ƙarshen Agusta aka sayar da shi ga Chelsea, wadda Roman Abramovich ya saya a wannan hutun, a kan fam miliyan 16 da wani abu. Jaridu sun ruwaito Perez yana rena shi, wai ba shi da gwaninta, ba ya aika ƙwallo nesa, ba za a yi kewarsa ba.

Yau kowa ya san yadda abin ya ƙare, shi ya sa ake mantawa da yadda ya fara. Gaskiya ita ce har wata bakwai Perez ne yake da bakin magana. An ci Mallorca aka ɗauki kofin buɗe kaka. Beckham ya ci ƙwallo cikin minti 3 a wasansa na farko na gasa. Da yake Figo ya riga ya tare gefen dama, sai Queiroz ya mai da Beckham tsakiya tare da Guti, ya kuwa yi gudu da aiki fiye da yadda masu sukarsa suka zata. A watan Disamba suka je gidan Barcelona suka ci 2 da 1, abin da ba su yi ba a gasa cikin shekara 20. An dai sami hannunka-mai-sanda a Nuwamba, ranar da Sevilla ta zura musu 4, amma wa zai kula da wannan alhali ana saman tebur? Farkon Maris na 2004 suna gaba da tazarar maki 8, sun kai wasan ƙarshe na kofin Sarki, ba da jimawa ba kuma suka fitar da Bayern Munich daga gasar Turai. Har an fara zancen kofi uku.

Ran 17 ga Maris Zaragoza ta doke su 3 da 2 bayan ƙarin lokaci, ta ɗauke kofin Sarki, Milito mai ciwon gwiwar nan yana tsaron bayanta. A gasar Turai aka haɗa su da Monaco. Sun ci 4 da 2 a gida, ɗaya daga cikin biyun da aka zura musu kuwa Morientes ne ya ci. A wasa na biyu Raul ya fara ci, ana ganin magana ta ƙare, sai Monaco ta rama ta ƙara biyu, Ludovic Giuly biyu, Morientes ɗaya, aka tashi 3 da 1, Madrid ta fita. Ɗan hakin da ka rena ke nan. Morientes, wanda har lokacin ɗan wasan Madrid ne a takarda, shi ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Turai ta wannan shekara, da guda 9.

A gasar gida abin ya fi muni. Osasuna ta zo har gida ta ci su 3 ba ko ɗaya. Sa'an nan suka sha kashi a wasanni biyar na ƙarshe a jere, a hannun Barcelona da Deportivo da Mallorca da Murcia da Real Sociedad. Suka ƙare na huɗu da maki 70, Valencia ta ɗauki kofi da 77. An zura musu ƙwallo 54, alhali a shekarar da ta gabata 42 ne.

To, ina laifin yake? Abin da aka saba faɗi shi ne an sayar da Makelele aka sayo Beckham. Ni a ganina wannan hukunci ya yi gajarta, kuma ya ɗora wa Beckham kayan da ba nasa ba. Idan muka ɗauki kowane mataki shi kaɗai, kusan kowanne yana da hujja. Hierro yana da shekara 35, gudunsa ya ragu. Makelele yana da 30, kuma fam miliyan 16 a kan mai wannan shekaru ba ƙaramin kuɗi ba ne a wancan zamani. Morientes ya riga ya zama ɗan benci tun zuwan Ronaldo. Likita kuwa in ya ce gwiwa ba ta yi ba, shugaba ba shi da ta cewa. Ɓarnar tana cikin jimla. An cire mai horarwa, da kyaftin, da mai gadin tsakiya, da mutanen da ke iya maye gurbinsa, watau Flavio da Geremi, da ɗan gaba na benci, duk cikin mako goma, aka kawo mutum ɗaya tak, shi ma a gurbin da akwai mai shi. Queiroz ya shiga kakar wasa da mutum goma sha ɗaya ƙwararru da benci cike da yara. Muddin ƙafafu na da ƙarfi, gwanintar manyan ta rufe asiri. Da gajiya ta taru a watan Maris, bayan wasa kowane kwana uku ko huɗu, da tafiyar Asiya tun farko, babu wanda za a hutar, babu wanda za a shigo da shi ya canza wasa.

Wani zai ce da-na-sani ƙeya ce, kowa gwani ne bayan an tashi wasa. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma duk mai rubuta tarihi ya kamata ya ji tsoronta. Adalci shi ne a auna mutum da abin da yake gabansa a ranar da ya yanke shawara. To, me ke gaban shugabannin Madrid a watan Agusta na 2003? Akwai daren 14 ga Mayu na wannan shekara a birnin Turin, wasan kusa da na ƙarshe na gasar Turai. Makelele bai buga ba saboda rauni, Juventus kuwa ta ratsa tsakiyar Madrid yadda ta ga dama, ta ci 3 da 1, ta fitar da masu riƙe da kofi. Watau an nuna musu hoton ƙungiyarsu ba tare da shi ba, wata uku kacal kafin su sayar da shi. A wannan daren ne kuma aka ga tsufan Hierro ƙarara a gaban Del Piero. Sun ɗauki darasi na biyu suka sallami Hierro, suka bar na farko. Saboda haka ba na jin uzurin rashin sani zai karɓu a nan.

Abin da ya faru a Barcelona a wannan kaka ya ƙara fito da maganar. Joan Laporta ya ci zaɓe da alkawarin Beckham, bai same shi ba, ya ɗauko Ronaldinho. Duk da haka rabin farko na kakar ƙungiyar tana tangal-tangal, sai da aka karɓo aron Edgar Davids daga Juventus a watan Janairu, mai irin aikin Makelele, kana ta miƙe, ta ƙare ta biyu, a gaban Madrid.

Wajibi ne kuma a faɗi inda Perez ya yi daidai, ko da ba zai yi wa masu sukarsa daɗi ba. Lissafinsa na kasuwa bai faɗi ba. A kakar 2004 zuwa 2005 Real Madrid ta wuce Manchester United ta zama ƙungiyar da ta fi kowace samun kuɗi a duniya. Illa iyaka 'yan ƙungiya ba domin littafin ajiya suke cika filin Bernabeu ba, kuma shekara uku suka yi ba su ga babban kofi ba.

Queiroz bai wuce shekara ɗaya ba. Bayansa aka yi Camacho, wanda ya ajiye aikin cikin 'yan watanni, da Garcia Remon, da Luxemburgo, da Lopez Caro. Aka yi ta neman mai gadin tsakiya, aka gwada Thomas Gravesen daga Everton, aka gwada Pablo Garcia, ba a dace ba. A can Landan kuwa Makelele, a hannun Jose Mourinho, ya ci gasar Ingila a 2005, karo na farko ga Chelsea cikin shekara 50, aka zura musu ƙwallo 15 kacal a wasa 38, ya sake ci a 2006. Perez ya yi murabus a watan Fabrairu na 2006, sai a 2009 ya dawo. Del Bosque, wanda aka ce yayinsa ya wuce, ya ci wa Sifen kofin duniya a 2010 da na Turai a 2012.

Madrid ba ta sake ɗaukar gasar Sifen ba sai a 2007, a hannun Fabio Capello, shekarar Beckham ta ƙarshe a ƙungiyar. Cikin mutanen da aka sayo wa Capello akwai Mahamadou Diarra ɗan Mali, daga Lyon, domin ya tsaya gaban 'yan baya ya tare hanya. An biya wajen Yuro miliyan 26 a kansa, abin da ya ɗan ɗara kuɗin da aka karɓa daga Chelsea shekara uku kafin nan.