DAGA BAKIN TEKU ZUWA DOGON DAJI: TAƘAITACCEN TARIHIN BADAGRY

Yayin da muke gode wa Ubangiji domin cikar wannan ikilisiya shekara hamsin, ya kamata mu tuna bishara ta yi doguwar tafiya kafin ta iso mu. Hanyar motar nan da ta ratsa Dogon Daji da Tambuwal, in mutum ya bi ta kudu, za ta kai shi Jega, Yawuri da Kontagora, ya haye Kwara a Jebba, ya wuce Ilori da Ibadan har Legas. Yamma da Legas, dab da iyakar Jamhuriyar Benin, akwai wani tsohon gari mai suna Badagry. Labarinsa yana da rabo cikin namu.

Ainihin mutanen garin Egun ne, kamun kifi kuwa babbar sana'a ce a wurinsu. Garin yana bakin wani dogon ruwa mai kwanciya, a ƙetarensa kuma akwai tsibirin Gberefu mai yawan rairayi, bayansa sai babban teku. Mu da muka saba da kuka da gawo da giginya, a can itatuwan kwakwa ne za su cika mana ido, ga jiragen masunta ko ta ina.

Amma wannan kyakkyawan wuri yana da labari mai ɗaci. Shekaru da yawa Badagry kasuwar bayi ce. Har yau ana nuna wa baƙi sarƙoƙi da mari a gidan Mobee, da ƙananan ɗakunan da aka tsare bayi a gidan Seriki Abass. Daga nan akan ƙetare da su cikin kwalekwale zuwa Gberefu, su taka cikin rairayi har bakin teku, wurin da wanda ya kai ba ya komowa. A hanyar akwai wata rijiya, ana cewa ana shayar da su ruwanta don su manta da gida. Cikin waɗanda aka sayar a tashoshin wannan gaɓa akwai Hausawa, da yawansu aka kai su Bahiya ta ƙasar Brazil.

Ta wannan ƙofa da bayi suka fita, ta nan ne bishara ta shigo. Ran 24 ga Satumba, 1842, Rabaran Thomas Birch Freeman na Methodist ya sauka a Badagry, ya yi wa'azi a gindin wani itace da ake kira Agia. A watan Disamba Henry Townsend na C.M.S. ya iso, suka yi sujadar Kirsimati tare. Hadari ya ka da itacen a 1959, aka gina alamar tunawa a gurbinsa. Gidan mishan da Rabaran Gollmer ya gama a 1845 yana nan tsaye. Ana kiransa bene na farko a Nijeriya, ko da yake mun san akwai benayen ƙasa a Kano tun kafin lokacin. A wannan shekara Samuel Ajayi Crowther ya zo aiki a garin. Shi kansa bawa ne da aka kama a 1821, aka cece shi daga jirgin bayi, ya kuma zama Bishop a 1864.

Tsakanin Badagry da ƙasar Sakkwato ma akwai tsohuwar hanya. Daga can Bature Clapperton ya tashi a Disamba 1825, ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a Sakkwato cikin Afrilu 1827. A 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin babbar hanya daga Illela zuwa Badagry.

Daga bakin teku aikin ya riƙa hawowa arewa a hankali. A Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da nufin shiga ƙasar Sudan. Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, duka a 1894. Bingham bai fid da zuciya ba, har S.I.M. ta kafa tasharta ta farko a Patigi a 1902. Dokta Walter Miller na C.M.S. ya zauna a Zariya a 1905, ya ba da ƙarfinsa ga fassara, aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A lardin Sakkwato, S.I.M. ta yi hidimar kutare a asibitin Amanawa. A 1954 aka kafa E.C.W.A.

Mu lura, 'yan'uwa: daga wa'azin gindin Agia zuwa ranar da iyayenmu suka sami Maganar Allah cikin harshensu, shekara 90 ce cif. Waɗansu sun mutu ba su ga amfanin shukarsu ba. Saboda haka kada mu bar 'ya'yanmu su tashi ba su iya karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa ba. Matasa su zauna da dattawanmu, maza da mata, su rubuta abin da suka gani tun suna da rai. Wanda kuma Allah ya kai shi Legas, ya daure ya ƙarasa Badagry ya gani da idonsa.

Ubangiji ya riƙe mu cikin aminci, ya ba mu zaman salama da maƙwabtanmu. Amin.