Jini a Matsayin Madogarar Tarihi: Darasi Daga Binciken Garki

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihin ƙasar Hausa sun saba dogara da abubuwa uku, watau rubutattun littattafai irin su Tarihin Kano, da labaran baka, da kuma kayan da mutanen da suka bari, kamar zanen shanu da ke jikin duwatsun Birnin Kudu. Amma littattafan nan sun fi ba da labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe. Ba su cika kula da manomin ƙauye irin na Yalwan Damai ba, balle abin da ke kashe masa 'ya'ya. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa akwai madogara ta huɗu wadda kowane talaka ke ɗauke da ita, watau furotin da ke cikin jininsa.

2.0 Asalin Binciken

Furotin da muke nufi shi ne himogulobin, wanda ke ba jini launin ja, yake kuma kai iskar da muke shaƙa sassan jiki. Cikin 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka ratsa shi da lantarki, suka ga na masu amosanin jini, watau sikila, ba ya tafiya daidai da na sauran mutane. Tsakanin 1956 da 1957 Vernon Ingram ya gano a Ingila cewa a sarƙa mai ƙwayoyi 146, ƙwaya ta shida ce kaɗai ta sauya.

Tun 1954 kuwa Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa wanda ya gaji wannan sauyi ta ɓangare ɗaya (AS) ya fi jure zazzaɓin cizon sauro, wanda ya gaje shi ta uwa da uba (SS) kuma shi ne mai ciwon. Cikin 1958 Frank Livingstone ya danganta yaɗuwarsa a Afirka ta Yamma da noma, domin sare daji da zama wuri ɗaya su ne suka samar wa sauro ƙananan tafkunan da yake hayayyafa a ciki.

3.0 Binciken Garki

Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka gudanar da babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da abokan aikinsa suka auna jinin mutanen ƙauyukan, suka buga sakamakon a 1979. Sun tarar kimanin mutum 1 cikin 4 AS ne. Cikin jarirai 100, kimanin 2 SS ne, amma da ƙyar aka sami irinsu cikin manya. Ma'ana, galibinsu sun rasu tun suna ƙanana.

4.0 Abin da Wannan Ke Nuna Mana

Na farko, gado mai halaka yara haka ba zai ɗore da yawa a cikin al'umma ba, sai in yana tsare wasu daga abin da ya fi shi ɓarna. Yawansa shaida ne cewa zazzaɓi ya daɗe ƙwarai yana ɗauki ɗai-ɗai a ƙasar nan. Cikin 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, bisa nazarin ƙwayoyin gado, sun ƙiyasta cewa sauyin ya faru sau ɗaya, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, zamanin da Sahara ke da ruwa da ciyayi.

Na biyu, akwai wani nau'in, himogulobin C, wanda ya yawaita a Burkina Faso da arewacin Gana, amma ya yi ƙaranci a Garki. Irin wannan bambanci na iya taimaka wa mai bin sawun ƙaura da auratayya, muddin ya haɗa shi da sauran hujjoji, domin jini ba ya faɗin sunan ƙabila ko na gari.

Na uku, ya kamata mu sake duba al'adar wabi. Tun da iyaye AS biyu na iya haifar SS a kowane ciki, mai yiwuwa ne wani kaso na yaran da aka ce suna zuwa suna komawa, amosanin jini ne ya ɗauke su.

5.0 Kammalawa

Mun ga yadda ƙwaya ɗaya cikin furotin ta adana labarin noma da sauro da mace-macen yara, abin da marubutan fada ba su rubuta ba. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin sikila. Muna ganin malaman tarihi da na kimiyya a kwalejojinmu na ilmi suna da aikin yi tare a nan, domin ɗalibin da ya san asalin wannan gado ba zai ɗauke shi abin kunya ko aikin iska ba, zai kuwa fi saurin yarda da gwaji.