Baƙaƙe masu lanƙwasa da takardar izini: tarihin manhajar rubuta Hausa da abin da ya shafi ƙasar Adar

1. Gabatarwa

A wannan ƙasida za mu bi diddigin wata matsala wadda ta daɗe tana damun masu rubuta Hausa da boko, wato yadda za a fitar da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a kan na'ura. Muna ganin cewa warware ta bai rataya ga fasaha kaɗai ba, ya rataya kuma ga takardar izini, wato lasisin da maƙerin manhaja ke gindayawa game da kwafe aikinsa da gyara shi.

2. Daga keken rubutu zuwa kwamfuta

Taron masana na Bamako a 1966, ƙarƙashin UNESCO, da na Yamai a 1980, sun yi ƙoƙarin daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa. A Nijar an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Amma galibin kekunan rubutun ofisoshi don faransanci aka ƙera su. Sai magatakarda ya buga k, sannan ya bi da alƙalami ya sa mata lanƙwasa. In ya mance, "baƙi" ya koma "baki".

Da kwamfuta ta shigo, sai kowace cibiya ta nemi dabararta: a ɗauki zubin haruffa, a cire wani harafin da Hausa ba ta bukata, a dasa ƙ a gurbinsa. Illa biyu ta biyo baya. Ta farko, takardar da aka buga a na'ura ɗaya sai ta rikice a wata. Ta biyu, zubin haruffa na kamfani yana da mai shi, kuma lasisinsa galibi ya hana gyara da rarrabawa. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane harafinmu lambarsa, ya buɗe hanyar magance illa ta farko. Ta biyun kuwa ta shari'a ce.

3. Asalin lasisin ƴanci

A 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a Amurka, a 1989 kuma ya fitar da lasisin GPL. Hikimarsa ita ce bai soke haƙƙin mallaka ba, da shi ma ya yi aiki: mai manhaja ya yarda kowa ya kwafa, ya gyara, ya raba, bisa sharaɗin duk wanda ya raba abin da ya gyara ya bar wa na gaba irin wannan izini. Wasu lasisin, kamar na MIT, ba su ɗora wannan sharaɗi ba. Ambaton mai aikin da takardar izinin kawai suke nema. A Faransa, cibiyoyin CEA, CNRS da INRIA sun rubuta lasisin CeCILL a 2004 don ya dace da dokar ƙasarsu. Wannan ya shafe mu, domin Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI ta yarjejeniyar Bangui ta 1977, kuma dokarta ta haƙƙin mawallafa ta 1993, wadda ta 2010 ta maye gurbinta, daga al'adar shari'ar Faransa ta samo tushe.

A fagen haruffa, cibiyar SIL ta fitar da lasisin OFL a 2005. Ya halatta gyara zubi da raba shi. Ya hana sayar da shi shi kaɗai. Ya wajabta abin da aka gyara ya zauna ƙarƙashin wannan lasisi, a kuma canza masa suna in mai shi ya keɓe sunan. Zubin Doulos SIL da Charis SIL, masu ɗauke da baƙaƙenmu duka, a kan haka ake raba su.

4. Abin da ya shafi Buza

A gundumomin Buza, Keita da Madawa, Hausar gida ta bambanta da daidaitacciyar Hausa a furuci da kalmomi. Littafin Bernard Caron na 1991 kan Adaranci ya nuna haka dalla-dalla. Ga kuma Tamajak, mai nata haruffan kamar ǝ da ɣ. Malamin yaƙi da jahilci a wannan yanki yana bukatar kayan aikin da zai iya tanƙwarawa, ya kuma miƙa wa abokin aikinsa na wani ƙauye ba tare da ya karya doka ba. Shirin DiLAF ya ba da misali: ƙamus ɗin Hausa da faransanci na shirin Soutéba na 2008 an juya shi, aka ɗora a intanet ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ke fayyace wa mai ɗauka iyakar izininsa.

5. Kammalawa

Tarihin nan ya nuna mana bambanci tsakanin kyauta da izini. Manhajar da aka samu ba kuɗi, amma aka hana gyara ta, aro ce, ranar da mai ita ya daina kula da ita sai aikin da aka gina a kai ya tsaya. Don haka muna ba da shawara ga sassan nazarin harsuna: duk ƙamus, allon bugu ko manhajar gyaran rubutu da za su fitar, su rubuta lasisinsa ɓaro-ɓaro, da Hausa da faransanci, domin a doka aikin da ba a faɗi izininsa ba, a hannun mai shi kaɗai yake.