Dokokin da ke hukunta luwaɗi da maɗigo a Katsina, da tambayar haƙƙin wanda ake zargi

Mutumin da aka zarga da luwaɗi a Batsari ko Safana yana ƙarƙashin dokoki uku a lokaci guda, kowace da asalinta da irin hukuncinta.

Ta farko ita ce Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, jihohi kuma suka gada. Sashe na 284 na ainihin dokar ta 1960 ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara 14 kan saduwar da ta saɓa wa ɗabi'a. Wannan lafazi ba a nan aka haife shi ba: daga dokar da Turawan Ingila suka rubuta wa Indiya a 1860 ya taso, ya biyo ta Sudan. Kotun Ƙolin Indiya ta daina hukunta manya masu yardar juna da wannan sashe a 2018.

Ta biyu dokar laifuka ta Shari'a ce, wadda Katsina ta kafa zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, tana cikin jihohi 11 da suka bi sahun Zamfara. Musulmi take hawa, kuma hukuncin luwaɗi a cikinta yana kaiwa ga jifa. Ta uku ita ce dokar hana auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014: shekara 14 ga ma'auratan, shekara 10 ga wanda ya shaidi auren ko ya kafa ƙungiya ko ya taimaka mata.

Jama'a da dama a Arewa suna goyon bayan waɗannan dokoki bisa hujjar addini. Masu kare haƙƙi kuwa suna kafa hujja da kundin tsarin mulki na 1999: sashe na 34 kan mutunci, na 36 kan adalcin shari'a, na 37 kan sirri, na 40 kan 'yancin taro. Suna kuma nuni da ƙuduri na 275 na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka, na 2014, wanda ya nemi gwamnatoci su hana cin zarafin mutane saboda abin da ake zato game da su.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne tsakanin zargi da hukunci. A 2005 an gurfanar da wasu maza biyu gaban kotun Shari'a a birnin Katsina. Suka shafe kusan wata shida a tsare, sannan alƙali ya sallame su a Disamba saboda babu shaidar da ta isa. Fiƙihun Malikiyya yana neman shaidu huɗu da suka gani da ido, ko kuwa ikirari, wanda mai shi zai iya janyewa. Kotu ta bi ƙa'ida, amma watannin da sunan da ya ɓaci babu mai maido su. A Ningi ta Jihar Bauchi kuwa, a 2022, kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin jifa. Irin wannan hukunci ba ya zartuwa sai gwamna ya sa hannu, kuma akwai damar ɗaukaka ƙara, ga wanda ya samu lauya.

Rahoton Human Rights Watch na 2016 ya nuna yadda dokar 2014 ta zama hanyar tatsar kuɗi da kame ba bisa ƙa'ida ba da dukan taron dangi. A Batsari da Safana, inda 'yan bindigar dajin Rugu suka tarwatsa ƙauyuka, 'yan sa-kai kuma suka cike gurbin da hukuma ta bari, lauyoyi suna can birni. Zargi irin wannan yana iya fitowa daga bakin abokin gaba, kuma yana iya hawa kan wanda bai aikata komai ba, tun kafin alƙali ya tambayi ina shaidun huɗu.