Daga siber zuwa yau: me ya sa kwamfuta ke nauyi?

Wanda ya san Yamai a farkon shekarun 2000 zai tuna zamanin siber. Intanet ta shigo Nijar ne a shekarun 1990 ta hannun kamfanin SONITEL, wanda aka haɗe da SahelCom a 2016 ya zama Niger Telecom. A lokacin sai ka biya kuɗin awa guda, ka buɗe Internet Explorer, ka zauna jiran saƙon Yahoo kamar mai jiran mota a tasha.

Abin mamaki, kwamfutocin wancan zamani ba su da ƙarfi. Windows XP da ta fito a 2001 tana tashi da RAM megabait 64 kacal, alhali Windows 11 sai da gigabait 4. To me ya canza?

Ku ɗauki diski a matsayin rumbu, RAM kuma tabarmar shanya. Duk abin da kake aiki da shi yanzu, a kan tabarma yake. In ta cika, dole na'ura ta riƙa kai da kawo tsakaninta da rumbu, nan ne take fara jan ƙafa.

A da, shafi rubutu ne da ƴan hotuna. Firefox ta fito a 2004, ta saba wa jama'a da buɗe shafuka da yawa a taga ɗaya. A 2008, shekarar da Orange ta fara aiki a Nijar, Google ya fito da Chrome, mai raba shafuka kowa da ɗakinsa. Amfanin haka, in ɗaya ya maƙale ba ya kayar da sauran. Amma kowane ɗaki da rabonsa na tabarma. Ga Facebook da YouTube da tallace-tallace masu kunna kansu, duka suna ci. Google kansa ya gane matsalar, shi ya sa a ƙarshen 2022 ya sanar da Memory Saver, mai sa shafin da aka daɗe ba a taɓa ba ya yi barci.

Mu nan galibi kwamfuta ƴar gwanjo muke saye, ga ƙura, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Ɗalibi na tsakiyar rubuta kundinsa na jami'a, na'ura ta tsaya cik, sai a ce masa "birus ne" ko "ta mutu", ya ci bashi ya sayi wata.

Kafin ka kai nan, ɗan'uwa, rufe shafukan da ba ka buƙata, cire ƙarin manhajojin da ke maƙale a burauza, a share ƙurar fanka. In da hali, a ƙara RAM, ya fi sabuwar kwamfuta araha nesa ba kusa ba.

Allah ya sa mu dace.