Lambar 220: Yadda Lissafin Cikin Jirgi Ya Zama Dokar Ƙona Kitse

Maƙalarmu ta wannan mako ta shafi duk mai fama da teɓa ko mai neman rage ƙiba.

Wanda ya taɓa hawa injin gudu a ɗakin motsa jiki, ko ya ɗaura agogon nan mai ƙirga bugun zuciya, ya san lissafin: ka cire shekarunka daga 220, abin da ya rage shi ne iyakar bugun zuciyarka a minti ɗaya. Daga nan sai a ce ka tsaya tsakanin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na wannan adadi, wai a nan kitse ke narkewa. To, daga ina wannan lamba ta fito?

A 1970, masana biyu a hukumar lafiyar al'umma ta Amurka, Samuel Fox da William Haskell, suna neman sanin irin motsa jikin da masu ciwon zuciya za su iya jurewa. Haskell ya tattara alƙaluma daga bincike kusan goma. A cikin jirgin sama, kan hanyarsu ta zuwa wani taro, suka ja layi ta tsakiyar alƙaluman, suka ga kamar mai shekara 20 yana kaiwa 200, mai 40 kuma 180, mai 60 kuma 160. Nan aka haifi "220 ban da shekaru". Haskell da kansa ya bayyana daga baya cewa ba su yi nufin ta zama doka ga kowa ba.

Sai dai lambar ta faɗo a kan gaɓa. Littafin Aerobics na likita Kenneth Cooper, wanda ya fito a 1968, ya riga ya jefa Amurkawa cikin son sassarfa. A 1982 kamfanin Polar na ƙasar Finlan ya fitar da na'urar auna bugun zuciya mara waya da ake ɗaurawa a jiki. Na'ura tana buƙatar lamba mai sauƙi, ga kuwa 220 a hannu. Haka ta bazu duniya.

Maganar kitsen kuwa tana da tushe. A 1993 Romijn da abokan bincikensa sun gwada 'yan wasa a mataki uku: sauƙi, matsakaici da mai tsanani. Sun gano jiki ya fi ƙona kitse a matsakaicin mataki, idan aiki ya tsananta kuma sai ya karkata ga sukarin da ya ajiye a tsoka. Wannan gaskiya ce. Kuskuren shi ne ɗaukar ta a matsayin sirrin rage ƙiba. Mu ƙaddara tafiyar ƙafa ta ci kalori 200, rabi daga kitse, wato 100. Gudu na tsawon wannan lokaci ya ci 400, kashi ɗaya cikin uku daga kitse, wato sama da 130. Kaso ya ragu, amma jimilla ta ƙaru. Teɓa kuwa jimillar abin da ka ci da abin da ka ƙona a tsawon makonni take kallo.

Ita ma 220 ɗin an ƙalubalance ta. A 2001 Hirofumi Tanaka da abokansa suka kawo sabon lissafi: 208 ban da kashi 70 cikin ɗari na shekarunka. Ga ɗan shekara 60, tsohon lissafi ya ba da 160, sabon ya ba da 166. Ko a hakan, sa'anni biyu na iya bambanta da bugu goma ko fiye.

Saboda haka kada agogo ya sa ka rage sauri don tsoron fita daga "yankin kitse", kada kuma ya tura mahaifinka mai hawan jini ya bi wata lamba da ƙarfin tsiya. Mai ciwon zuciya ko mai shan maganin da ke rage bugunta, likita ya kamata ya yanke masa iyaka. Sauranmu, motsa jikin da za mu iya dawwama a kansa shi ne mai amfani.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.