Wa ke biyan kuɗin gina makarantun Landan, kuma me ya sa masu gidaje suka daɗe suna turjiya?

A ranar 31 ga watan Agustan 2023, saura 'yan kwanaki ɗalibai su koma aji bayan dogon hutu, Ma'aikatar Ilimi ta Birtaniya ta umarci makarantu fiye da 100 a Ingila da su rufe wasu gine-ginensu nan take. Dalili shi ne wani nau'in kankare da ake kira RAAC, wanda aka gano yana iya ruftawa ba tare da ya nuna wata alama ba.

Lardin Essex ne lamarin ya fi shafa, amma Landan ma ba ta tsira ba. Makarantar firamare ta Corpus Christi da ke Brixton da makarantar 'yan mata ta Ellen Wilkinson da ke Ealing na cikin waɗanda aka samu kankaren a jikinsu. Zuwa watan Fabrairun 2024 adadin makarantu da kwalejojin da aka tabbatar suna da shi ya kai 234.

Shi RAAC kankare ne mara tsakuwa, cikinsa cike da ƙananan ramuka kamar soso. Ba shi da nauyi kuma ba shi da tsada, shi ya sa aka yi ta rufin makarantu da asibitoci da shi daga shekarun 1950 zuwa tsakiyar shekarun 1990. Ƙarkonsa bai wuce kimanin shekara 30 ba, kuma da zarar ruwa ya ratsa shi sai rodin da ke ciki ya yi tsatsa. Tun a 2018 rufin wata makarantar firamare a Gravesend da ke lardin Kent ya rufta, sai dai Allah ya kiyaye a ƙarshen mako ne, babu yara a ciki.

Wata biyu kafin umarnin rufewar, ofishin binciken kuɗin gwamnati na Birtaniya ya ba da rahoton cewa ɗalibai kusan 700,000 na karatu a makarantun da ke buƙatar a sake gina su ko a yi musu gagarumin gyara. Ya ce gine-gine kimanin 24,000, wato kashi 38 cikin 100 na gine-ginen makarantun Ingila, sun wuce shekarun da aka ɗibar musu tun farko.

Tambayar da ta biyo baya tsohuwa ce a Landan: daga aljihun wa kuɗin gyaran zai fito?

Alƙawarin taro a kowace fam

Takaddamar ta samo asali ne daga dokar ilimin firamare ta 1870, wadda William Forster ya gabatar wa majalisar dokoki. Dokar ta kafa hukumomin makarantu da jama'a ke zaɓa, ta ba su ikon ɗora haraji a kan gidaje da shaguna gwargwadon ƙimar hayarsu, da ikon cin bashi domin gini, wanda za a iya biya cikin shekara 50. Wato mai gida na yau da magajinsa ne za su biya ginin da 'ya'yan talakawan unguwa za su zauna a ciki.

Hukumar Makarantun Landan ce mafi girma a cikinsu. An yi zaɓenta na farko a watan Nuwamban 1870, kuma mata masu biyan harajin gida sun jefa ƙuri'a, har sun tsaya takara. Likita Elizabeth Garrett ce ta zo ta ɗaya a mazaɓar Marylebone, masanin kimiyya Thomas Huxley ma ya samu kujera, aka kuma naɗa Lord Lawrence, tsohon gwamna-janar na Indiya, shugaba.

Forster ya kwantar wa majalisa hankali da cewa ba ya jin harajin zai wuce kwabo uku a kowace fam a akasarin wurare. Dattawan da suka yi zamanin sule da sisi a ƙasar Hausa sun san wannan kuɗi da sunan taro. Kafin a rushe hukumar, harajin Landan ya haura sule guda a fam, fiye da ninki huɗu na abin da aka faɗa. Wannan taron ya zama abin gori a bakin masu adawa har tsawon shekara talatin.

Ƙorafin masu gidajen ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu shaguna da ƙananan magidanta waɗanda da gaske harajin yake yi wa nauyi. Akwai masu hali da ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu a wani wuri, suna ganin babu dalilin da za su biya wa 'ya'yan wasu. Akwai mabiya cocin Ingila da na Katolika da ke tallafa wa makarantun cocinsu da gudummawa, sannan a karɓi harajinsu a gina makarantar da za ta janye musu ɗalibai. Ga kuma waɗanda aka tilasta wa sayar da gidajensu domin a samu filin gini, saboda doka ta ba hukumar wannan dama.

Abin da ya fi tsone musu ido shi ne su kansu gine-ginen. Mai zanen gine-ginen hukumar, E. R. Robson, ya ƙi yin rumfuna. Ya tsara benaye masu hawa uku na jan bulo, da manyan tagogi domin haske da iska, ƙananan yara a ƙasa, manya a sama, maza da mata kowa da ƙofarsa. An buɗe ta farko a titin Old Castle da ke Whitechapel a 1873, kuma kafin 1904 an gina fiye da 400. A unguwannin da iyali guda ke cunkushe a ɗaki ɗaya, makarantar ta fi kowane gida tsayi da kyau. Masu adawa suka kira wannan almubazzaranci, har sayen fiyano domin makarantun sai da ya zama abin cece-ku-ce a jaridu.

Daga 1885 zuwa 1894 ɓangaren masu neman tsuke bakin aljihu ne ya riƙe hukumar, ƙarƙashin wani limamin coci, Joseph Diggle. Amma bugun da ya kayar da ita daga wajen mai binciken kuɗi ya zo. A 1899 wani jami'i mai suna Cockerton ya yanke cewa haramun ne a kashe harajin gidaje wajen koyar da darussan kimiyya da zane da suka wuce matakin firamare, kotu ta goyi bayansa a 1900, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1901. A 1904 aka miƙa makarantun ga majalisar gundumar Landan.

Abin lura a nan shi ne, da yawa daga cikin waɗannan benaye da aka zarga da tsada har yau ana karatu a cikinsu bayan shekara fiye da 120, alhali na shekarun 1960 da aka yi da araha su ne ake tokare rufinsu da ƙarafa. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Yadda muryar mai gida ta koma Baitulmali

A Amurka har gobe ana yin wannan kokawa a fili. Gundumar makarantu kan nemi izinin masu zaɓe kafin ta sayar da takardun lamuni domin gini, a biya bashin da ƙarin harajin gidaje. A jihar Kalifoniya sai da aka rage yawan ƙuri'un da ake buƙata daga kashi biyu cikin uku zuwa kashi 55 cikin 100 a shekarar 2000, domin irin waɗannan buƙatu sun sha faɗuwa. A watan Maris na 2020 masu zaɓen jihar suka ƙi amincewa da lamunin dala biliyan 15 na makarantu, sannan suka amince da na dala biliyan 10 a Nuwamban 2024.

Mazaunin Landan ba shi da irin wannan ƙuri'a a yau. Kuɗin manyan gine-ginen makarantu daga gwamnatin tsakiya yake fitowa, kuma tun 1990 aka rushe hukumar ilimi ta tsakiyar Landan, magajiyar waccan ta 1870, aka rarraba aikinta ga ƙananan hukumomi. Sai dai tsoron fushin masu gidaje bai bar zukatan 'yan siyasa ba. Harajin kai da Margaret Thatcher ta kawo ya haddasa tarzoma a dandalin Trafalgar a watan Maris na 1990, kuma yana cikin abubuwan da suka yi sanadin saukarta a ƙarshen shekarar. Harajin da ya maye gurbinsa a 1993 an gina shi ne a kan ƙimar gidaje ta 1991, kuma har yanzu babu gwamnatin da ta yi ƙarfin halin sake ƙiyasta gidajen Ingila, duk da ninkin-ba-ninkin da farashinsu ya yi a Landan.

A 'yan lokutan da aka tambayi jama'a kai tsaye, amsar ta fi karkata ga a'a. A 2001 ƙaramar hukumar Croydon da ke kudancin Landan ta ba mazaunanta zaɓi, suka ɗauki ƙari mafi ƙanƙanta, na kashi 2 cikin 100. A wannan shekara mutanen birnin Bristol suka zaɓi kada a ƙara ko kwabo, duk da gargaɗin cewa makarantu ne za su ji a jikinsu. Wata doka ta 2011 ta wajabta ƙuri'ar raba-gardama ga duk hukumar da ke son ƙarin da ya wuce iyakar da gwamnati ta gindaya. Sau ɗaya aka gwada, a Bedfordshire a 2015 kan kuɗin 'yan sanda, kuma kusan kashi 70 cikin 100 suka ƙi.

Don haka a Baitulmali ake yanke hukuncin yanzu, inda ba a ganin hannun kowa. Gwamnatin Tony Blair ta ƙaddamar da shirin fam biliyan 55 na sabunta dukkan makarantun sakandaren Ingila. A watan Yulin 2010 sabon sakataren ilimi Michael Gove ya soke shi bisa hujjar tsada da jan ƙafa, ayyuka fiye da 700 suka tsaya. Ƙananan hukumomi shida suka garzaya kotu, cikinsu har da Newham da Waltham Forest na gabashin Landan, kuma a Fabrairun 2011 alƙali ya ce an saɓa doka da ba a tuntuɓi akasarinsu ba. Hukuncin bai dawo da shirin ba.

Rahoton masu binciken kuɗi na 2023 ya nuna cewa ma'aikatar ilimi ta ƙiyasta ana buƙatar fam biliyan 5.3 a shekara domin kula da gine-ginen, amma abin da aka ware bai wuce biliyan 3.1 ba. Tsohon babban sakataren ma'aikatar, Jonathan Slater, ya ce makarantu 300 zuwa 400 ya kamata a sake ginawa duk shekara, aka ba da kuɗin 100, daga baya aka rage zuwa 50 lokacin da Rishi Sunak ke ministan kuɗi. Mista Sunak ya musanta cewa laifinsa ne. A kasafin Oktoban 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta ware fam biliyan 1.4 domin a cim ma waɗannan 50 ɗin a shekara.

Mai karatu a Najeriya zai ga kama da wane a nan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, abin da ya sa kuɗin kan yi ta zama a asusu alhali azuzuwa na yoyo.

A tsakiyar Landan kuwa matsalar ta ɗauki wani salo. Tsadar gidaje da raguwar haihuwa sun rage yawan yara, kuma tunda gwargwadon yawan ɗalibai ake ba makaranta kuɗi, kowace kujera da babu kowa a kanta asara ce. Ƙananan hukumomi irin su Hackney da Southwark da Camden sun rufe ko sun haɗe makarantun firamare a 'yan shekarun nan, Hackney kaɗai ta rufe huɗu a 2024. Wasu daga cikin tsofaffin benayen jan bulon tuni aka mayar da su gidajen zama masu tsada, kuma a saman ƙofofinsu har yanzu ana iya karanta rubutun da aka sassaƙa a dutse, mai nuna ta maza da ta mata.